Funfuna Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Idan ka shigo sashenmu ka tambayi wane ne babba, ofishin Farfesa za a nuna maka. Idan kuwa so kake aikinka ya yi, sai a ce ka wuce ɗakin gwaji ka nemi Malama Atika. Ma'aikaciyar ɗakin ce, shekararta ashirin da uku a kan benci ɗaya, kusa da tagar da ba ta rufuwa. Difloma ce da ita, ba wani digirin da ake rataye hotonsa a falo. Ni sunana Shamsiyya, ƙaramar malama ce a sashen, kuma digirina na uku a kan aikinta yake zaune, ko da yake a takarda an rubuta cewa ita ce ke taimaka mini. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, don har yanzu ina son aikina.

Mahaifinta manomin shinkafa ne a fadamar Gulbin Rima. Ita ce babba a mata, don haka tun ba ta kai tsayin turmi ba take tace kamu, kuma ta ce a nan ta koyi abin da ya fi yi mata amfani a kimiyya: ka tace, ka jira ya kwanta, ka zubar da na sama ba tare da ka girgiza na ƙasa ba. Hannunta tsarkakakke ne, irin wanda ba a koyarwa. Ni in na shuka funfuna a faranti goma, uku sai baƙi sun shiga. Ita ta yi ɗari ba ka ga ko ɗaya. Na daɗe ina jin haushin wannan, har na gaji na daina.

Mijinta Alhaji Gazali dillalin shanu ne, gidansu a Gawon Nama. Mutum ne mai son tsokana. In an tambaye shi aikin matarsa sai ya ce, "Duk kiwo na. Ni shanu, ita hunhuna." 'Ya'yansu biyu, sun girma, ɗaya tana ɗakin miji, ɗaya yana karatu a Zariya.

A daminar dubu biyu da goma sha shida ta je gaida mahaifinta, ta ga tarin ɓuntun shinkafa a bayan injin casa ya jiƙe ya fara ruɓewa. Ta ɗebo a leda. Daga wannan leda ta ware funfuna iri talatin, ta ba kowacce lamba. Yawancinsu baƙaƙe ne da koraye, masu saurin cika faranti, irin waɗanda ke fitowa a kan burodi. Ta goma sha bakwai fara ce, ragguwa, sai ta yi mako kafin ta rufe abin da sauran ke rufewa a kwana biyu. Saura kaɗan ta zubar da ita.

Ga abin da ya sa ba ta zubar ba, kuma zan faɗe shi yadda nake faɗa wa mahaifiyata. Funfuna ba ta da haƙora. In za ta ci ɓuntu ko kara, wani sinadari take fitarwa ya warware mata abincin, shi ne ake kira enzayim. Irinsu da yawa, wanda muke bi sunansa estares. Shi kuma sukari, in ka duba shi yadda masana haɗa magunguna ke duba shi, yatsu biyar gare shi. In suna son su ɗaura wani abu a yatsa ɗaya, sai su naɗe duka biyar ɗin tukuna, sannan su nemi kwance guda. A nan wahalar take, domin sinadaran kwalba ba su da hankali, in sun tashi kwancewa duka suke kwancewa. Estares ɗin lamba goma sha bakwai yatsa ɗaya yake kwancewa, kullum wannan ɗin dai, ya bar huɗu a ɗaure, kamar mai ƙunshin da ta san aikinta. Akwai masu neman irin wannan a duniya da gaske.

Amma gane cewa yana nan daban, fito da shi shi kaɗai daban. Sai a shuka funfunar a cikin ruwan dusa, a bar ta kwana bakwai tana kaɗawa a kan inji. A tace da farin ƙyalle. A zauna da ruwan a cikin bahon ƙanƙara ana barbaɗa masa wani gishiri kaɗan-kaɗan, awa biyu, har abin da ake nema ya kwanta. A ɗaure shi a siririyar jaka a tsoma a ruwa gishirin ya fita. Sannan a zuba shi a saman dogon bututun gilashi, yana sauka ɗigo-ɗigo, ana tara ɗigon a ƙananan kwalabe sittin, ɗaya bayan ɗaya. Kowacce a ɗiga mata wani ruwa marar launi. Wadda ta koma ruwan ɗorawa, yana ciki. Duk wannan a cikin sanyi ake yinsa, a garin da kowa ya san abin da rana ke yi. Sau biyar wuta tana ɗaukewa a tsakiyar aikin ya lalace. Malama Atika ba ta zagi kowa ba, ni ce mai zagin. Ita sai ta wanke gilasai ta aika a sayo ƙanƙara a Sama Road a sake.

Shekara shida kafin mu same shi tsantsa, layi ɗaya tak a kan gwajin da ke nuna tsarki. Muka auna halinsa. Ya fi son ruwa mai ɗan tsami kaɗan, kuma ya fi aiki a zafi digiri hamsin, inda wasu ke mutuwa. Malama ta ce, "Basakkwace na." Muka aika takarda wata mujalla a waje. Suka amsa cewa aikin ya yi kyau, amma a tantance funfunar ta hanyar ƙwayar halitta, a ajiye irinta inda wasu za su iya nema, a kuma maimaita a kan sukari iri biyu. Wato dai in ba funfunar a raye, duk abin da muka rubuta labari ne kawai.

Ita kuwa funfunar ba ta da juriyar ɗanta estares. Ba ta yin ƙurar iri sosai, wadda za a busar a ajiye. Ba mu da injin daskarewa mai tsananin sanyi. Don haka a cikin ƙananan kwalabe masu murfi take zaune a firji, a kan abinci mai kama da daskararren koko, kuma duk mako huɗu sai an ɗauke ta an mayar sabuwar kwalba. In an yi sakaci abincin ya bushe, ta tafi. Shekara takwas Malama Atika ba ta tsallake ko sau ɗaya ba. Ranar bikin 'yarta ma sai da ta biyo ta ɗakin gwaji da lalle a hannu.

A azumin bara, wata safiya, Alhaji Gazali ya yanke jiki ya faɗi a kara, kasuwar shanu, yana tsakiyar ciniki. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. A ɗakin gwaji aka kira ta. Ina tsaye a gefenta. Ta saurara, ta ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ta ajiye wayar. Sannan ta ƙarasa rubuta lambar da take rubutawa a jikin kwalba, ta kashe fitilar wuta, ta wanke hannu, ta ɗauki hijabinta. Ni ce na yi kukan har muka isa Gawon Nama.

Ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba fita, ba ado. Na riƙa zuwa kusan kullum. A kan tabarma nake samunta, ta jingina da bango, carbi a hannu amma ba ya motsi. In an ce ta ci, ta ci. In an yi mata gaisuwa, ta amsa da kalmomin da ake amsawa. Mata suna ta yaba haƙurinta. Ni da na san ta na san ba haƙuri ba ne, ba ta nan ne kawai.

Da jama'a suka ragu, uwar mijin ce ta zauna da ita. Nana Hauwa sunanta, kowa Inna yake ce mata, tsohuwa 'yar Ƙofar Rini, siririya, ta haura saba'in. Gazali ne ɗanta na fari kuma shi kaɗai ne namiji. Ita nata baƙin cikin a hannu ya sauka. Daga asuba take wanki. Ta wanke kwanonin da aka wanke, ta goge ƙofofi, ta fitar da tukwanen da rabon a taɓa su tun aure ta dirje su da toka. An hana ta an gaji. Tsakaninta da Malama akwai kunya irin ta surukai, shekara ashirin da biyar ba su taɓa doguwar hira ba. Gida ɗaya, rashi ɗaya, kowacce a nata lungun.

Mako biyu da rasuwar, taransifomar ɓangarenmu ta ƙone. Ana cikin zafin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Firjin ɗakin gwaji ya koma akwati. Kwalabe shida ne na lamba goma sha bakwai. Na jira kwana uku ana cewa gobe za a gyara, sannan na je na faɗa wa Malama. Karo na farko ke nan da na ga idonta ya tsaya a kan fuskata.

Ta ce, "Kwana nawa?"

Na ce uku.

"Kawo min su. Gidan ga akwai sola. Ki haɗo da hitila da wayar ɗiba da sabbin kwalabe, lokacin sauya su ya yi kusa."

Na kawo huɗu, na bar biyu a makaranta cikin tukunyar ƙasa da jiƙaƙƙen yashi, wai don kada a tara komai wuri ɗaya. Biyun nan ba su kai mako uku ba, zafi ya busar da su. Ban damu sosai ba a lokacin, tunda na gida suna lafiya.

A ɗakinta ta yi aikin, da hantsi, ta rufe taga ta kashe fanka. Ta dafa sabbin kwalaben a tukunyar tururi tun jiya. Ta zauna a ƙasa da zanen takaba, ta goge tire da sifirit, ta kunna fitila. Ta ƙona siririyar wayar ƙarfen har ta yi ja, ta jira ta huce, ta ɗebo ɗan farin zare daga tsohuwar kwalba ta kwantar a sabuwa. Sau huɗu. Hannun bai yi rawa ba ko kaɗan. Fuskar kuma ba komai a kanta. Da ta gama ta ce, "Sun yi takwas. Kwana goma a waje, sannan hirji." Ta koma ta jingina da bangonta.

Ni na sa su a firjin. Na naɗe su a baƙar leda, na tura can ƙasa, bayan robar fura. A jikin kowacce akwai rubutu da Turanci. Inna tana tsakar gida tana dirzar wata tukunya lokacin da na wuce ta. Na gaishe ta, ta amsa, na yi gaba. Ya zo mini a rai in faɗa mata, sai na ce me zan tsaya yi wa tsohuwa bayanin enzayim. Jumla ɗaya ce ta ishe ni: Inna, ledar nan aikin Malama ce, kada a taɓa. Ban faɗa ba. Na ɗauka Malama za ta faɗa, ita kuwa Malama ba ta faɗin komai ga kowa a kwanakin nan.

Ana gobe addu'ar arba'in na zo da la'asar don taya aiki. Washegari gidan zai cika da mata, dangin miji da na mata, kuma duk wanda ya san gidan rasuwa ya san ba inda hannun mata ba ya kaiwa, balle firji a watan zafi. Na tarar an share tsakar gida ƙal. A kan dakali, inda rana ta fi bugawa, ga tire. A kan tiren ga kwalabe takwas a jere a kife, murafensu a gefe, suna ƙyalli. Har takardun jikinsu an kankare.

Na tsaya. Na ƙirga su sau biyu, kamar ƙirgar za ta sauya wani abu.

Malama ta fito daga ɗaki za ta yi alwala. Ta ga inda nake kallo, ta kalla. Inna ta taso daga murhu tana goge hannu a zane, ta rage murya don kada masu aikin girki su ji.

Ta ce, "Ɗiyata, wasu kwalabe nig gani cikin hirji, duk sun yi hunhuna. Na san ba halinki na ba, rashin ga na. Nic ce kada mutane su zo gobe su gani su tahi da ke a baki. Na kankare su, na tahasa su sau biyu. Ba wanda yag gani."

Malama ta dubi tiren. Ta daɗe. Buta na hannunta, ko karkacewa ba ta yi ba.

Ta ce, "Sannu da aiki, Inna. Allah shi saka."

Ta wuce ta yi alwalarta.

Da na bi sawunta na yi shiru, da labarin ya tsaya nan, da tsohuwa ta koma gidanta da farin cikin ta rufa wa surukarta asiri. Amma ni ba a gina ni haka ba. Na buɗe baki a kan matar da ta binne ɗanta kwana talatin da tara da suka wuce. Na ce mata shekara takwas ta zuba a kwata. Na ce babu irinta a duniya, ba a sayarwa, ba a arowa. Na ce wa ya aike ta. Masu girki suka bar muciya suna kallona. Inna ta sunkuyar da kai. Ta dubi hannayenta, farcen duk ya yi fari saboda ruwa.

Daga wurin alwala Malama ta ce, "Shamsiyya." Ba da ƙarfi ba. Na yi shiru, amma na riga na gama ɓarnar.

Na tambayi inda aka zubar da ruwan. Aka nuna mini makwarara. Na fita waje na durƙusa a bakin kwata, malamar jami'a guda, da auduga a kan tsinke ina dangwalo, masu wucewa suna ratse ni. Na shuka abin da na samo a faranti ashirin. Komai ya fito, baƙi da kore da wani mai wari da ban taɓa gani ba. Fara ba ta fito ba. Na je bayan injin casar da aka samo ta. An kwashe tarin ɓuntun tun shekaru, an yi shaguna a wurin. Na ɗebo ƙasa duk da haka. Ba ta fito ba.

Na je na ba Inna haƙuri bayan mako guda, na durƙusa har ƙasa. Ta ce ba komai, gaskiya na faɗa. Ta daina wanki daga ranar nan. Ta koma zama a ƙofar ɗaki hannu a cinya, gidan ya zama mutum biyu masu kallon bango. Na fi jin kunyar wannan a kan asarar digirina, kuma digirin ma ya tafi, sai da aka sauya mini batu.

Malama ba ta taɓa ta da maganar ba. Sau ɗaya na matsa mata, na ce ta yi fushi mana, ko da ni ne. Ta ce, "Na nema, Shamsiyya. Ban iske shi ba." Ta ce tun ranar da aka kira ta a waya ji take kamar an yi mata allurar cire haƙori a duk jiki. Tana ganin abu, ta san mai zafi ne, amma zafin bai iso ba.

A ƙarshen Yuli ta fita takaba. Inna ta koma Ƙofar Rini. Malama ta dawo bencinta, ta shiga shirya wa ɗalibai gwajinsu na aji, tana wanke gilasai, tana rubuta lambobi. An gyara wutar. A firji akwai ragowar estares ɗin da muka tsarkake, bai kai cokalin shayi ba, kuma wata huɗu na zafi sun ci shi. Ta gwada, ruwan ya ɗan sauya launi kamar mai jin kunya, shi ke nan. Ta rubuta sakamakon a littafi, ta ja layi a ƙasa, ta wanke kwalbar.

Larabar mako na biyu da dawowarta mai gadi ya leƙo ya ce wata tsohuwa na sallama da Malama Atika. Inna ce, ta sauko daga keke napep da kwanon sha a naɗe a ɗankwali. Ba ta taɓa taka makarantar ba a rayuwarta. Ta ƙi zama a kujera, ta tsuguna a bakin ƙofa ta kwance ƙullin. Tuwon dawa ne, ya yi gashi fari da kore.

Ta ce, "Kwana shidda nib bar shi ƙarƙashin gado. Duba ko shina ciki."

Matar da ke dirje tukunya mai tsabta da toka, ita ce ta kwana shida da ruɓaɓɓen tuwo a ɗakinta. Na buɗe baki zan yi bayanin cewa funfuna iri dubbai ce, ba haka ake yi ba. Malama ta riga ni. Ta sa hannu biyu ta karɓa, ta ce, "An gode, Inna. Sai an shuka, mako mai zuwa a gani."

Kuma ta shuka. Ban ɗauka za ta yi da gaske ba, amma ta yi, tun daga farko: ta ware, ta ba da lamba, ta sa a ruwan dusa, ta tace, ta ɗiga. Da yawa suna ba da ruwan ɗorawa, domin estares ba abin wuya ba ne a wurin funfuna. Amma in an kai su kan sukari, ko su kwance yatsun duka, ko su ƙi taɓa ko ɗaya.

Laraba ta zagayo, Inna ta dawo da wani kwanon. Ta ce, "Shi na?"

Malama ta ce, "Ba shi ba na, Inna."

"To. Ga wanga, dusa ta, na yayyahwa mata ruwa."

Haka ake yi har yau, ya fi shekara. Ta kawo burodi, ta kawo ɓawon rogo, ta kawo danƙon goro da ya lalace, ta kawo ɓuntun shinkafa bayan ta ji daga inda ta farkon ta fito. Takan zauna minti goma a bakin ƙofa. Ba sa hira, kunyar tana nan. Malama ta kawo mata ruwa, ta sha, ta yi 'yar gyaran murya, ta yi tari, ta tambaya, a ba ta amsa, ta tashi. Jikarta ta ɗakin miji ta yi ƙorafi cewa ɗakin Inna ya fara wari. Lambobin sun wuce ɗari da arba'in.

Watan jiya na kasa daurewa. Inna ta fita ke nan, ina hango ta ta taga tana takawa a hankali zuwa bakin titi cikin rana, na ce wa Malama wannan zalunci ne, kuma ni na jawo shi, don haka a bar ni in gyara. Ita ta san ba za a samu ba, ni na sani. Ko a tarin da aka same ta, ɗaya ce cikin talatin, kuma sa'a ce. Na ce mako mai zuwa mu ce wa tsohuwar nan an samu, mu nuna mata kowace farar funfuna, ta je ta share ɗakinta ta huta.

Malama tana goge benci da sifirit. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "In kin ce an samu, ba ta sake zuwa."

Na ce ai abin da nake so ke nan.

Ta ce, "Kin ji tarin da ta yi ɗazu?"

Na ce na ji, shi ma wani dalilin ne, ƙurar funfuna ba ta da kyau ga ƙirjin tsoho.

"Ba ciwo na ba. Haka suka yi in za su magana, su gyara murya, su yi tari sau biyu. Ita da ɗan nata." Ta ninke audugar ta jefa a kwando. Da muryar da take karanta mini lambobi ta ƙarasa. "Duk mako, minti goman ga kaɗai nika jin wani abu. Zahi na. Amma ina jin shi."

Ta jawo kwanon da Inna ta bari, ta buɗe, ta duba abin da ke ciki a hasken taga. Ta ɗauki alƙalami ta rubuta ɗari da arba'in da uku a jikin sabon faranti, sannan ta ce in miƙo mata ashana.